Kofin Leicester na 2016: barcin manya ne ko gumin goshi?

Sarkin Gardama: Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya da daddare a majalisarmu saura ƙiris mu raba gari da wani abokina. Wai shi a ganinsa tun da aka fara gasar Firimiya a 1992 ba a taɓa yin kakar da ta kai ta Leicester City ta 2015/16 ba. Na ce masa ya daina ruɗin kansa. Rashin farin wata ne ya sa tauraro ya yi haske. Chelsea mai riƙe da kofi ta ƙare ta goma da maki 50. Manchester United tana hannun Van Gaal, wasanta sai ya sa mutum gyangyaɗi. Liverpool ta kori Rodgers tun watan Oktoba, Klopp bai gama sanin sunayen yaransa ba. City kuma tun farkon Fabrairu ta sanar cewa Guardiola zai karɓi Pellegrini, wane ɗan wasa ne zai kashe kansa saboda kocin da aka riga aka yi wa sallama? Leicester ta tsinci dami a kala, shi ke nan. Wanda yake da ja ya fito.

Ɗan Gunners na Fagge: Wa alaikumus salam. Yau kam ka faɗi gaskiya. Mu 'yan Arsenal da muka yi wasa 38 a 2003/04 ba a doke mu ko sau ɗaya ba, nasara 26, canjaras 12, maki 90, za a haɗa mu da waɗanda muka zura wa biyar a gidansu?

Baban Khalifa: Ɗan Gunners, da ka yi shiru da ya fi maka. A cikin manyan da Sarki ya lissafa babu sunan Arsenal, ka lura? Saboda ku ba ku kori koci ba, ba a yi muku sanarwar sabon koci ba, Wenger yana nan shekara kusan ashirin, Özil yana raba ƙwallo har ya bayar da 19 aka ci. Ku ne saman teburi a farkon Janairu. Kun ci Leicester gida da waje, 5-2 da 2-1. Duk da haka suka ba ku ratar maki goma. To wa ya yi barci?

Ɗan Gunners na Fagge: Rauni ne ya kashe mu. Cazorla da Coquelin duk sun tafi jinya a lokaci guda.

Baban Khalifa: Wa ya hana ku saye? Duk bazarar 2015 gola ɗaya kuka ɗauko, Petr Cech, kuka naɗe hannu.

Lissafi Dalla-Dalla: Ku bari in sa lambobi a tsakani, don gardamar da babu lissafi hayaniya ce. Leicester ta ci wasa 23, ta yi canjaras 12, aka doke ta sau uku: Arsenal sau biyu, sai Liverpool 1-0 a Anfield washegarin Kirsimeti. Ta zura 68, aka zura mata 36, maki 81. Arsenal 71, Tottenham 70, City da United 66 kowacce.

Yanzu Sarki, ka ce maki 81 arha ne. United ɗin 1999 da ake ta yi mana waƙarta, wadda ta haɗa kofi uku, da maki nawa ta ɗauki Firimiya? 79. Arsenal ta 1998 da 78 ta ɗauka. United ta 1997 da 75. Ta 2011 da 80. Ban taɓa jin wani ya ce Ferguson ya tsinci dami a kala ba. In ƙungiya mai suna ta yi, sai a ce ƙwarewa. In ƙarama ta yi abin da ya fi haka, sai a ce manya sun yi barci.

Sarkin Gardama: Zamani daban ne, Malam Lissafi. Bayan shekara biyu City ta yi maki 100. Liverpool ta yi 97 a 2019 ba ta ma ɗauki kofin ba. Ka kawo 81 ɗinka wannan zamanin ka ga inda za ka tsaya.

Lissafi Dalla-Dalla: Kowa da kasuwar da ya tarar yake ciniki. Ba a ce wa Leicester ta zo ta kara da City ta 2018 ba, ƙungiyoyi 19 aka ajiye mata a gaba, ta fi su duka.

Maman Haneef: Ni dai ba lissafi na iya ba, amma na san abin da idona ya gani. A shekarar nan gidanmu kashi uku ne: maigida United, ƙanensa Chelsea, babban ɗana Arsenal. Daga watan Maris duk sai suka koma Leicester ba tare da an yi shawara ba, kowa don kada Tottenham ta ɗauka, ko don kada ɗan uwansa ya samu abin gori. Ranar da Hazard na Chelsea ya farke wa Tottenham ƙwallon nan ta biyu a Stamford Bridge, canjaras ɗin da ya tabbatar wa Leicester kofi, ƙanen maigida ya fita tsakar gida da gudu babu takalmi, sai ka ce ƙungiyarsa ce ta ci kofi, alhali ta goma take.

Na-Damagaram: Hajiya, wannan wasan na 2 ga Mayu ai ba ƙwallo ba ce, dambe ne. Kane da Son suka sa Tottenham gaba 2-0 kafin hutun rabin lokaci, Cahill ya rage, Hazard ya farke saura minti bakwai. 'Yan Tottenham tara aka ba katin gargaɗi a daren. Mu nan gidan kallon unguwarmu wuta ta ɗauke ana 2-1, mai gidan yana ta fama da janareta, da hoto ya dawo sai muka tarar da 'yan Chelsea suna rungume juna. Har yau ban yafe wa janaretan nan ba.

Baba Alhaji Mai Rediyo: Salamu alaikum yara. Na daɗe ina karanta ku ban tanka ba. Ku da kuke cewa ba a taɓa yin irin wannan ba, shekarunku ne ba su kai ba. A 1977 Nottingham Forest ta hau babban rukuni daga na biyu, ita ce ma ta uku a waɗanda suka hau. Shekara ɗaya tak, a 1978, Brian Clough ya ɗauki kofin Ingila da ita, a gaban Liverpool da take riƙe da kofin Turai a lokacin. Bai tsaya nan ba, ya ɗauki kofin Turai a 1979, ya sake ɗauka a 1980. A rediyo muke bin su, ranar Asabar da yamma, kunne manne da akwati. Kuma Ɗan Gunners, wasa 49 ɗin da kuke taƙama da shi, tarihin wa kuka karya? Na Forest ne, 42. Leicester ta yi abin yabo, amma kofi ɗaya ta ɗauka ta koma inda ta fito.

Baban Khalifa: Allah Ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Maganarka dutse ce, sai dai ka ba ni dama in ɗan ja kaɗan. A zamanin Clough tazarar kuɗi tsakanin babba da ƙarami ba ta kai ta yanzu ba. Derby ta ɗauka, Leeds ta ɗauka, Aston Villa ta ɗauka, Everton ta ɗauka, kofin yana yawo. Amma daga 1992 zuwa 2015 ƙungiyoyi biyar kaɗai suka taɓa shi: United, Arsenal, Chelsea, City, sai Blackburn sau ɗaya a 1995, ita ma da kuɗin Jack Walker da ya sayo Shearer da Sutton. An riga an rufe ƙofar an sa sakata. Kuɗin da City ta biya kan De Bruyne shi kaɗai, wajen fam miliyan 55, ya fi abin da Leicester ta kashe wajen sayen duka mutum goma sha ɗayan da suke fara mata wasa. Shi ya sa nake ganin na Leicester ya fi wuya, ko da na Forest ya fi yawa.

Baba Alhaji Mai Rediyo: Na ji, ɗana. Ya fi wuya, na yarda. Ya fi girma, ban yarda ba.

Sarkin Gardama: Kuma ku daina nuna mana Leicester kamar wasu marayu. Mai ƙungiyar a lokacin, Vichai, attajiri ne na Tailan mai kamfanin King Power, da jirgi mai saukar ungulu yake zuwa filin wasa kafin rasuwarsa a 2018. Har sai da suka biya hukumar ƙananan rukunai fam miliyan 3.1 a 2018 don a kashe maganar yadda suka kashe kuɗi shekarar da suka hau Firimiya. Talaka ba ya biyan irin wannan.

Lissafi Dalla-Dalla: Wannan gaskiya ne, ba zan musa ba. Ba fakirai ba ne. Amma mai kanti a unguwa da mai masana'anta duk ana ce musu masu kuɗi, ka san ba ɗaya suke ba.

Ɗalibi a Turai: Ku ba ni wuri, ni ina garin a lokacin, karatu ya kai ni. Abin da mutane suke mantawa shi ne labarin bai fara a Agustan 2015 ba. A farkon Afrilun 2015 Leicester ce ta ƙarshe a teburi, maki 19 daga wasa 29, kowa ya gama yi mata jana'iza. Sai suka ci wasa bakwai a cikin taran ƙarshe a hannun Nigel Pearson, suka ƙare na 14. Su Schmeichel, Morgan, Huth, Albrighton, Vardy, Mahrez, duk suna cikin wannan tseren. Wato kafin Ranieri, kocin da ya ɗauki kofin da su, ya zo, yaran sun riga sun ɗanɗana yadda ake wasa da wuƙa a wuya.

Da aka kori Pearson a ƙarshen Yuni aka kawo Ranieri, wallahi a garin ba a yi murna ba. Mutumin da Girka ta kora bayan tsibirin Faroe ya doke ta har gida. Gary Lineker, ɗan garin ne kuma tsohon ɗan wasansu, shi da kansa ya nuna mamakinsa a Twitter. Daga baya shi ne ya yi alkawarin in Leicester ta ɗauki kofi zai gabatar da shirinsa na talabijin da gajeren wando, kuma ya cika alkawari a Agustan 2016.

Wani abu kuma da ba zan manta ba: akwai ɗaliban jami'ar Leicester da suka ajiye na'urar auna girgizar ƙasa a wata firamare kusa da filin wasa. Ranar da Ulloa ya ci Norwich ana saura minti ɗaya, tsallen da 'yan kallo suka yi sai da na'urar ta nuna. Garin kuma cike yake da Indiyawa, 'yan Pakistan, Somaliyawa, 'yan Afirka ta Yamma. Ranar zagayen kofi ka ga mai rawani, ka ga mai hijabi, ka ga Bature da tulun giyarsa, kowa da shuɗiyar riga.

Autan Mama: Yaya Ɗalibi, da gaske ne wai gawar wani sarki suka tono shi ya sa suka fara cin wasa? Kuma na ji ana cewa mai ƙungiyar yana kawo bokaye daga ƙasarsu.

Ɗalibi a Turai: Auta kenan. Ƙasusuwan Sarki Richard na Uku ne, an gano su a ƙarƙashin wani wurin ajiye motoci a 2012, aka sake binne shi a babban cocin garin a ƙarshen Maris 2015. Da yake sati na gaba suka fara cin wasa, sai Turawa suka mai da abin barkwanci. Su kuma waɗanda kake cewa bokaye, malaman addinin Buddha ne, addinin mai ƙungiyar, yakan kawo su su yi addu'o'insu a filin. Amma in da wannan ke cin wasa, da Tailan ta ɗauki kofin duniya.

Malam Na Bakin Kasuwa: Tun da an zo nan, in ja hankali. Ana yawan ambaton cewa masu caca sun sa 5000 a kan 1 cewa Leicester ba za ta ɗauka ba, kuma na ga yara suna lissafin da sun sa naira kaza da sun samu kaza. A ambace shi don a nuna yadda abin ya zo ba zato, ba laifi. Amma kada ya zama ƙofar kwaɗaitar da caca. Wanda ya ci sau ɗaya ake ba ku labarinsa, dubban da suka sayar da wayoyinsu ba a ambatonsu.

Autan Mama: Allah Ya gafarta Malam, mun ji.

Koci Ɗan Tudun Wada: Ni ina horar da yara a filin unguwa, bari in yi maganar abin da ya faru a cikin fili, don duk kun tsaya a kan kuɗi da sa'a.

Wasa tara na farko Leicester ba ta taɓa fita ba a zura mata ba. Ƙwallo 17 aka ci ta a wasa taran nan. Suna ci ana cin su, ana ba su 2-0 suna farkewa, kamar yadda suka yi wa Aston Villa suka mai da shi 3-2. Irin wannan wasan yana da daɗin kallo amma ba ya kai mutum ko'ina. Ranar da Arsenal ta zuba musu biyar, Sanchez ya ci uku rigis, ita ce ranar da Ranieri ya gane. Ya cire 'yan bayan gefe biyu masu son hawa gaba, De Laet da Schlupp, ya sa Simpson da Fuchs, ya ce ku zauna. Ya matse mutum huɗun baya wuri guda, ya bar wa abokin hamayya gefe: in kana so ka yi ta ɗago ƙwallo, Huth da Morgan suna nan da kawunansu kamar turmi. Har ya yi musu alkawarin fiza in suka hana a ci su, suka cika a wasan Crystal Palace, ya kai su gidan fiza ya ce kowa ya murza tasa da hannunsa. Daga nan zuwa ƙarshe, wasa 29, ƙwallo 19 kacal aka zura musu. Ku kwatanta: 17 a tara, 19 a ashirin da tara. Wannan ba sa'a ba ce, gyara ne.

Sannan ba sa son riƙe ƙwallo, suna cikin waɗanda suka fi kowa ƙarancin riƙe ta a gasar. Kai ka riƙe, ka hau, ka hau, sai Kanté ya zare ta daga ƙafarka, ya miƙa wa Drinkwater, shi kuma ya wurga ta bayan 'yan bayanka, Vardy ya riga ya tafi. Taɓawa uku. Ku je ku sake kallon wadda Vardy ya ci Liverpool a farkon Fabrairu, Mahrez ya jefo daga can baya, ta yi tsalle ɗaya, ya ɗaɗa ta daga nesa ta wuce kan Mignolet. Kowa ya san abin da za su yi, an kasa hana su. Okazaki kuma ba a cika ambatonsa ba saboda ƙwallo biyar ya ci, amma shi ne yake hana 'yan tsakiyar abokan hamayya su juyo. Yakan yi gudu har sai numfashinsa ya ƙare, a cire shi a sa Ulloa.

Sarkin Gardama: Koci, ka manta fenareti 13 da aka ba su. Kuma ba sa buga wasan Turai, sati guda suke hutawa, babu wanda ya ji rauni mai tsawo. Schmeichel da Morgan ko minti ɗaya ba su rasa ba. Wannan in ba sa'a ba mene ne?

Koci Ɗan Tudun Wada: Ƙungiyoyi nawa ne ba su buga wasan Turai ba a shekarar? Sama da goma. Everton ba ta buga ba, tana da Lukaku, ta ƙare ta 11. Fenareti kuma ba a raba shi a masallaci. In kana da mai gudu irin Vardy da mai yanka irin Mahrez suna shiga da'irarka kai kana juyowa, dole ka sa ƙafa. Maganar rauni na ba ka rabi, akwai nufin Allah a ciki. Sauran rabin kuma Ranieri ne, ba ya gajiyar da su a atisaye, yakan ba su hutun kwana biyu a sati. Bayan Welbeck ya ci su a minti na ƙarshe a Emirates, maimakon ya tsare su, sai ya sallame su hutun sati guda.

Ɗan Gunners na Fagge: Kada ka tuna min ranar nan. 14 ga Fabrairu. An ba Simpson jan kati, Walcott ya farke, Welbeck da ya dawo daga jinyar wata tara ya sa kai. Saura maki biyu mu kamo su. A gidan kallo aka ɗaga ni sama, na yi kyautar lemo ga mutum shida. Na rantse kofin namu ne.

Baban Khalifa: Sai me ya biyo baya?

Ɗan Gunners na Fagge: Ka sani ai.

Baban Khalifa: Ina so in ji daga bakinka.

Ɗan Gunners na Fagge: Wani yaro Rashford da ba a san shi ba ya ci mu biyu a Old Trafford, 3-2. Swansea ta zo har gida ta ci mu 2-1. Ka ji daɗi?

Lissafi Dalla-Dalla: Su kuma Leicester daga wannan ranar ba a sake doke su ba. Wasa 12, nasara takwas, canjaras huɗu. A ciki akwai 1-0 huɗu a jere: Watford, Newcastle, Crystal Palace, Southampton. A nan ne ake gane zakara, lokacin da kowa ya san ka, kowa ya koma baya ya tsare gida, ƙafafu sun yi nauyi. Da aka ba Vardy jan kati a wasan West Ham aka dakatar da shi wasa biyu, aka ce to yau asiri zai tonu. Suka ci Swansea 4-0 babu shi, suka je Old Trafford suka yi 1-1, Morgan ya farke da ka.

Ɗan Zango Kumasi: Gaisuwa daga Gana. Mu ma da namu a ciki, Jeffrey Schlupp da Daniel Amartey duk sun karɓi lambar zinare. Amma ni abin da ya fi burge ni mutumin da ya nemo yaran nan ne, Steve Walsh. Ya je Le Havre a rukuni na biyu na Faransa ya ɗauko Mahrez a kan kuɗin da bai kai rabin fam miliyan ɗaya ba. Ya ɗauko Kanté daga Caen a kan fam miliyan 5.6. Vardy kuma daga Fleetwood, wadda ba ta ma cikin rukunai huɗun ƙwararru a lokacin da ya buga mata, fam miliyan ɗaya a 2012. Mutumin da Sheffield Wednesday ta sallama yana ɗan shekara 16, ya yi aiki a masana'anta yana buga ƙwallo a ƙarshen mako. Shi ne ya zo ya ci ƙwallo a wasa 11 a jere, ya karya tarihin Van Nistelrooy, kuma a ragar United ya karya shi. Mahrez ya zama ɗan Afirka na farko da 'yan wasan Ingila suka zaɓa gwarzon shekara. Drogba bai samu ba, Yaya Touré bai samu ba, Essien ɗinmu bai samu ba.

Na-Damagaram: Kuma a Abuja aka ba shi kyautar gwarzon Afirka a Janairun 2017. Amma ni a wurina Kanté ne ƙungiyar. Shi Walsh ɗin ma yakan yi raha cewa mutum uku suke sawa a tsakiya, Drinkwater a tsaka, Kanté a damansa, Kanté a hagunsa. Hujjata ɗaya ce: ya koma Chelsea da ta ƙare ta goma, ta ɗauki kofi a 2017. Leicester da ya bari ta ƙare ta 12. Mutum ɗaya ya fita, gida ya rushe.

Sarkin Gardama: Yawwa! Ka taimake ni ba ka sani ba. In da gini ne na gaskiya, fitar mutum ɗaya ba za ta rushe shi ba. Wata tara bayan ɗaga kofi suka kori Ranieri, 23 ga Fabrairun 2017, suna dab da faɗawa rukunin 'yan dagaji. Ina ƙwarewar ta tafi?

Koci Ɗan Tudun Wada: A shekarar da kake cewa sun rushe, su ne suka jagoranci rukuninsu a Gasar Zakarun Turai, suka fitar da Sevilla, sai Atletico Madrid ce ta tsayar da su a zagayen 'yan takwas. A cikin ƙungiyoyin Ingila su ne suka fi kowa nisa a gasar a wannan shekarar. Arsenal kuwa 10-2 Bayern ta yi mata gida da waje.

Ɗan Gunners na Fagge: Me ya kawo Arsenal cikin wannan kuma? Ni na yi magana?

Maman Haneef: Ni korar Ranieri ce ta ɓata min rai. Dattijo mai shekara 64, ya yi ta zuwa na biyu a Chelsea da Roma da Monaco, bai taɓa ɗaukar babban kofin lig ba sai a wurinsu. Ranar da za a buga wasan Chelsea da Tottenham ma Italiya ya tafi ya ci abinci da mahaifiyarsa mai shekara 96. Mutumin da ya san darajar uwa haka, a yi masa wannan sallamar.

Baba Alhaji Mai Rediyo: 'Yata, haka sana'ar take. Shi ma ya saba. Abramovich ya kore shi a 2004 bayan ya kai Chelsea ta biyu. Kuma don Ɗan Gunners ya sani, a shekarar da ba a doke su a lig ba, Ranierin nan ne ya fitar da su daga gasar Turai a Highbury, Wayne Bridge ya ci ana dab da tashi.

Ɗan Gunners na Fagge: Baba, har da kai?

Sai Masu Gida: Duk kun yi ta magana ba wanda ya ambaci namu. Bayan kofin nan ne Leicester ta sayi Ahmed Musa daga CSKA Moscow a kan sama da fam miliyan 16, a Yulin 2016. Yaron da muka kalla a Sani Abacha da rigar Pillars. Ranar da ya zura wa Barcelona biyu a wasan share fage, a Kano sai ka ce sallah. Rigar Leicester ta cika kasuwa, masu Keke Napep suna manna hoton dila, tambarin ƙungiyar, a gilashi. Sai dai abin bai yi armashi ba. Ya ci Palace, ya ci Tottenham, ya ci Everton biyu a kofin FA, daga nan sai benci. Ni har yau ina ganin ba a ba shi dama ba.

Koci Ɗan Tudun Wada: Ɗan uwa, ina son Musa kamar yadda kake son sa, amma a duba. Abin da ya fi iyawa shi ne gudu a bayan 'yan baya, aikin Vardy kenan, kuma ba za a ajiye Vardy ba. In an sa shi a gefe, tsarin yana buƙatar mai dawowa tsaron gida kamar Albrighton. Ga shi ya zo lokacin da kowa ya daina hawa wa Leicester, babu filin gudun. Da ya koma CSKA aro ya dawo hayyacinsa, ka ga abin da ya yi wa Iceland a 2018. Wanda ya dace da su Ndidi ne, don gurbin Kanté ya zo cikewa, shi da Iheanacho suka ɗauki kofin FA a 2021.

Sarkin Gardama: To na ji duka. Zan rage kaɗan: ba dami a kala ba ne, sun yi aiki, musamman gyaran bayan da Koci ya faɗa, ban taɓa lura da lissafin 17 da 19 ɗin nan ba. Amma ba zan janye cewa sai da bango ya tsage ƙadangare ya samu wurin shiga ba.

Baban Khalifa: Bangon ya tsage wa kowa, Sarki. Tottenham tana wurin, Arsenal tana wurin, West Ham da Payet tana wurin, Southampton da Mané tana wurin. Ƙadangare ɗaya ne ya shiga.

Autan Mama: Yanzu ina Vardy ɗin yake? Har yanzu yana Leicester?

Lissafi Dalla-Dalla: Ya tafi a 2025, bayan sun sake faɗawa. Shekara 13 ya yi musu. Arsenal ta neme shi a 2016 ya ƙi zuwa. A wasansa na 500, wanda shi ne na ƙarshe, ya ci ƙwallonsa ta 200, a ragar Ipswich.

Ɗan Gunners na Fagge: Da ya zo da ya ga yadda ake ƙwallo.

Maman Haneef: Da ya zo da bai ga kofin FA na 2021 ba dai.

Ɗan Gunners na Fagge: Hajiya, mun ɗauka a 2017 da 2020. Wannan kam ba za ku ƙwace min ba. An kira sallah, sai na dawo.